Shekarar da Muka Haɗa Teku a Funtuwa

Ƙyal, ƙyal. Ƙarar zoben azurfa ce a jikin gilashi, 'yar ƙarama, wadda da a ce daka nake yi a lokacin da ban ji ta ba. Ina tsugune a bakin madafa ina tankaɗen garin dawa, sai na ɗaga kai na ga kakanku Alhaji, mahaifin babanku, tsaye a rumfa. Ya dafa wani ƙaton akwatin gilashi da 'yan dako suka sauke tun da hantsi, yana ƙwanƙwasa shi da zobensa, ya kara kunne kamar mai jiran a amsa masa sallama daga ciki. Daga wannan ƙarar komai ya faro. Kun taso kun tarar da akwatin nan cike da ruwa, ba kifi ko ɗaya, kun kuma taso kuna jin abin da gwaggwanninku ke faɗa: wai ni ce na hana a sa kifi a tekun Alhaji, na bar tsoho ya makance yana kallon ruwa tsura. Ban taɓa tanka musu ba, don akwai gaskiya a ciki. Amma rabin zance ne. Yanzu da yawancin waɗanda suka ga abin da idonsu sun riga mu gidan gaskiya, gara ku ji ragowar daga bakina.

Lokacin 'yan shekaru ne bayan samun 'yancin kai, Turawa na ta ɗaure kayansu. Babanku akawu ne a injin gurzar auduga na Funtuwa, kuma Baturen da yake aiki a ƙarƙashinsa ne, da ya tashi komawa gida, ya bar masa akwatin. Tsawonsa ya kai gadon ƙarfe, an ɗora shi a kan ƙafafu, bakinsa ya zo mini daidai kafaɗa. Tare da shi akwai wani littafi mai nauyi, cike da hotunan kifayen teku masu launi. Babanku kunya ce ta sa ya karɓa. Ni kuwa tun kafin 'yan dako su share zufa na riga na ƙudura a raina nan zan jera kwanukan aurena, inda yara ba za su kai hannu ba. Alhaji manomin auduga ne a Tsiga, ya dawo wurinmu bayan rasuwar matarsa, lokacin yanar ido ta fara rufe masa gani. Kowa ya san da ƙafa ya tafi Makka yana saurayi, guzuri ya ƙare masa a bakin Bahar Maliya, ya yi shekaru yana tuƙi a jirgin masu nutso kafin ya samu ya haye. Amma ba ya ba da labarin. In an tambaye shi sai ya ce, aiki ne kamar kowane aiki.

Ran nan ya kira ni da sunan da shi kaɗai yake kirana, don ni mutuniyar Kafur ce.

"Ta Kafur, bar garin nan, zo ki ji."

Na kakkaɓe hannu na je na durƙusa.

"A jirginmu akwai wata garwa," in ji shi, "an fasa gindinta an liƙa gilashi. In kika kifa ta a kan ruwa kika leƙa, gari ne guda a ƙasa. Unguwa-unguwa, da kasuwa, da masu sarauta, da matan kulle. Haka nake ƙwanƙwasa ta da zoben nan, su taso su dube ni. Ni ɗan Tsiga, kifi na kallona."

Ya yi dariya, sannan ya murza idonsa na hagu wanda ya fi lalacewa.

"Da zan ƙara ganinsu ko sau ɗaya kafin labulen nan ya gama sauka, da na ce ban bar komai a duniya ba."

Faɗa kawai ya yi, irin ta tsofaffi. Bai san babanku na tsaye a ƙofar zaure da kekensa ba. Kun san babanku, ba mai yawan magana ba ne, kuma tun da ya bar gona ya shiga ofis yake ganin kamar akwai abin da ya hana mahaifinsa. Ya jingine keken ya ce:

"Za ka gan su, Baba. In Allah ya yarda a nan rumfar za ka gan su."

Kwanukana dai ba su taɓa shiga akwatin nan ba.

Da damina ta kama muka fara haɗa teku. Na yi sakandare kafin aure, to ni ce mai karanta Turancin littafin in juya musu. Littafin ya ce kifin teku ba ya rayuwa sai a ruwan gishiri, Alhaji ya ce wannan ai ko jariri a can ya sani. Muka tari ruwan sama daga kwanon ɗaki a randuna, na wanke yashin rafi har ya daina fitar da laka, babanku ya kwaso duwatsu masu ramuka muka tsara su kamar gidaje. Sai gishiri. Bakin akwatin ya fi ƙarfin Alhaji, don ƙafarsa na rawa, saboda haka ni nake sa ludayi in ɗebo in miƙa masa, ya kurɓa, ya juya a baki, ya tofar. Da muka zuba na kanti ya ce wannan miya ce ba teku ba. Muka ƙara na Bilma, wanda ake ba shanu, ya ce nauyin ya zo amma babu ɗacin nan da ke biyowa a baya. Ni ce na yi dabarar jefa 'yar kanwa. Maƙwabta har leƙowa suke ta katanga, ana cewa gidan akawu sun saye gishirin kasuwa suna jiƙawa, ko wani magani ne. Rannan ya kurɓa, ya rufe ido, ya daɗe bai tofar ba.

"Ba ita ba ce," ya ce. "Amma ƙanwarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya."

Daga nan sai zaɓen waɗanda za su zauna a ciki, kuma in aka tambaye ni kwanakin da suka fi daɗi a zamana na gidan nan, su zan nuna. Bayan La'asar rana takan shigo rumfa ta yamma, ta ratsa ruwan, ta watsa wani haske a bango yana rawa kamar ana kaɗa farin mayafi. Sai in shimfiɗa tabarma, Alhaji ya kawo shafin littafin har kan hancinsa, yayarku Uwani, tana 'yar shekara biyar ko shida, ta haye cinyarsa. Sunan matarsa aka sa mata, shi ya sa yake ce mata uwargida, ita kuma ba ta raga masa. Sunayen littafin ba su dame shi ba, yana da nasa tun na cikin jirgi. Wata rawaya mai baƙin layi a ido, Mai-kwalli. Wani kore mai baki kamar na aku, da yake gurgurar dutse har a ji ƙarar daga sama, Mai-goro. Wata 'yar ja mai farar ɗamara, da ba ta nisa da gidanta, 'Yar-kulle. Ƙanana shuɗaye masu tafiya a ayari, 'Yan-shuni. Da wani siriri da manyan kifi ke bin layi su buɗe masa baki ya share musu haƙora, Wanzami. Na zaci wasa yake, sai na karanta na ga haka littafin ma ya ce.

Rigimarmu ɗaya ce, a kan wani mai ƙayoyi da ya baza fukafukai ja da fari kamar mai babbar riga. Dogari, in ji Alhaji, kuma dole a sa shi.

"Baba, littafin ya ce duk abin da ya shiga bakinsa ya haɗiye. Zai cinye 'Yan-shuni."

"To an taɓa gari ba dogari?"

"A ɗaure shi da igiya mana," in ji Uwani.

"Ji uwargida! Ke da kin samu ni ma ɗaure ni za ki yi."

"Ai ni ba na son miji mai ido ɗaya da rabi."

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce ga yadda za a yi: masu sanyin hali su fara shiga, kowa ya kama ɗakinsa ya san lungun da zai ɓuya, Dogari ya zo daga ƙarshe a matsayin baƙo, don baƙo ba ya shigowa da ƙarfi. Na duba littafin, na ce masa mai littafin ma haka ya rubuta.

"Ashe shi ma ya leƙa garwa," in ji Alhaji, yana gyara hula.

A watannin nan ni kaina na zama wata iri. Ina tsince shinkafa in ga Mai-kwalli ta gifta ta cikin faifai. Na yi mafarkin gonar Tsiga ruwa ya rufe ta, shuɗi tas, 'Yan-shuni na ratsawa tsakanin zangarniyar dawa, ni kuma ina tafe a ƙasa da tulu a kai ina numfashi lafiya lau. Har a kan sallaya sukan biyo ni, in yi ta istigfari. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi dam ɗin bayan gari ba, sai ga shi ina kewar teku. Na kan ce a raina, Ubangijin da ya ƙawata abin da ke ƙarƙashin ruwa haka, inda ba mai gani, lalle ba don a yaba masa ya yi ba.

Amma mu muna zaɓe, ido yana tafiya. Shafin da Alhaji ke gani a farkon damina, zuwa lokacin da gero ya fitar da kai sai dai in gaya masa launin. Babanku yana da aboki mai aiki a jirgin ƙasa, shi ya yi alkawarin kawo kifi daga Ikko. Kifin suka iso a cikin wata garwa, tun daga zaure wari ya riga ta shigowa. Wasu 'yan tokatoka ne, ba ja ba rawaya, duk sun juya ciki sama. Babanku ya binne su a bayan ɗaki kafin Alhaji ya tashi daga barcin rana. Aka sake, aka sake samun haka. Mutumin ya ce zafin tarago da jijjiga ba za su bar su ba, kuma irin na hoton nan shi bai ma gan su a can ba. Ranar da aka kai Alhaji Tsiga sunan jikan ƙaninsa, sai ga babanku da ƙwarya a rufe, 'yan gargaza da ƙananan tarwaɗa daga wurin wani masunci. Ya ce kifi ai kifi ne, in sun sha gishirin za su saba, kamar yadda ɗan ƙauye ke saba wa birni. Ya juye su. Suka yi ta zabura suna dukan gilashi, can suka fara tangaɗi, suna buɗe baki. Na sa rariya na yi ta kamo su ina jefawa a randar ruwan daɗi, kaɗan suka farfaɗo. Uwani na ta kuka tana cewa tekun ta ƙone su.

Babanku ya zauna a bakin rumfa ya daɗe yana kallon waɗanda suka rayu a randa. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Za mu kwashe ruwan nan mu zuba na rijiya, mu sa waɗannan. Yanzu inuwa kawai yake gani, motsi zai gani ya ji daɗi. Ki ajiye ruwan gishiri a wani ƙoƙo daban, in ya ce zai ɗanɗana ki ɗebo masa daga nan. In gargaza ta wuce ki ce masa Mai-kwalli ce."

"Malam, ni zan faɗa masa?"

"Wa yake tambaya in ba ke ba?"

"Shi ya sa. Hannuna ne ludayinsa, bakina ne idonsa. In na ba shi wannan, me ya rage masa?"

"Alkawari na yi masa," ya ce. "A gabanki na yi. To ki zaɓa, ya tafi da murnarsa ko ya tafi da gaskiyarki."

Kada ɗayanku ya ga laifin babanku. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Kuma kada ku zaci abin ya zo mini da sauƙi. Na hango fuskar Alhaji yadda za ta yi haske in na ce ga ta nan ta wuce, na ji har bakina ya fara shirya maganar. Na yi alwala na roƙi Allah ya zaɓa mini. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda yake karɓar ludayin nan, ba ya ko sunsunawa, don daga hannuna ya fito. Da ya dawo daga Tsiga, ya huta, na je na durƙusa a gabansa na ce:

"Baba, kifin teku ba za su zo ba. An gwada, suna mutuwa a hanya. Na kogi kuma ba sa iya zama a ruwanka."

Na zaci bai ji ba. Sannan ya ce, "To." Ya laluba sandarsa ya shige ɗaki.

Abin da ya biyo baya ba zan rage muku shi ba. Alhaji ya daina fitowa rumfa. Tuwo na shiga yana fitowa an ɗan taɓa gefensa. Gwaggwanninku suka zo daga Tsiga suka ce 'yar boko ta karya wa tsoho zuciya, wai me zai ragu a jikina in na faɗi abin da zai faranta masa. Babanku ya koma cin abinci a zaure, tsakanina da shi sai gaisuwa. Kuma abin da ya fi ci mini rai, a makonnin nan ne ragowar ganin Alhaji ya kusa ƙarewa, yana zaune a ɗaki mai duhu. Hasken da ya rage masa, wanda da zai kashe shi a gaban ruwa yana murna, a bango ya ƙare shi. Wannan na sani, kuma har yau in na tuna sai na ji shi a ƙirji. Abin da na iya yi kawai shi ne kula da ruwan. In ya ja baya ya bar farin layi a jikin gilashi, in ƙara masa na sama da na adana, in goge, in koma aikina.

Uwani ce ta fito da shi. An fara tsinkar auduga, wata La'asar na ji ta a ƙofar ɗakinsa ta riƙe ƙugu.

"In ba ka fito ba na sake ka, in auri mai rake."

"Mai rake bai da haƙora."

"Ai yana da ido."

Sai ga su, tana jan sandar, yana biye. Ya laluba har ya dafa akwatin. Ƙyal, ƙyal. Ya miƙo hannu, na gane, na sa ludayi na ɗebo daga ciki, ya ji ƙarar ɗibar da kunnensa. Ya kurɓa, ya juya, ya tofar.

"Tana nan," ya ce. Ya zauna a tabarma. "Ta Kafur, ranar da na dawo daga Tsiga na ji ƙarnin kifin kogi a rumfar nan. Na ce a raina za a ba ni su a ce na teku ne. Da kuwa na karɓa, na yi ta murna, don kada yaron nan ya ji kunya. Amma daga ranar, ko rana kika ce mini ta faɗi sai na nemi wani na tambaya. Fushin da na yi ba da ke na yi ba. Da idona na yi, shi ne bai jira ni ba."

Na sa bakin mayafi na rufe fuska.

"Bar kukan nan, ɗauko littafin. Wa muka ce zai fara shiga?"

"'Yar-kulle," in ji Uwani.

Ya haɗa tafukansa biyu kamar mai ɗauke da ruwa, ya ce mata ta hau kujera ta karɓa a hankali kada ta zame. Ta karɓa, ta ɗaga har bakin akwatin, ta buɗe hannu. Ya tambaye ni ina ta nufa. Na ce Baba, ni ban ga komai ba. Ya ce ya sani, shi zai gaya mini: ta shige ramin dutsen hagu, ta leƙo da kai. Haka muka cika tekun nan, kowace La'asar da wanda zai shiga, bisa tsarin da muka yi. Ba wanda ya yi wa wani ƙarya. Shi yake gani, mu muke saurare. Hasken nan mai rawa a bango shi ne abu na ƙarshe da idonsa ya iya kamawa, yakan juya fuska wajensa ya ce yau ruwa a kwance yake.

Ranar Dogari, Alhaji ya ɗaga murya wajen zaure, don ya san wanda ke tsayuwa a can kullum yana saurare.

"Kai akawu, zo ka saka wannan. Yana da ƙaya, ba na yara ba ne."

Babanku ya shigo, ya tsuguna, ya tara hannu. Ya karɓi abin da ba a gani daga tafukan Alhaji da hankali kamar ƙwai, ya kai bakin ruwa ya saki. Ya daɗe a tsaye ya ba mu baya. Daren ranar a tsakar gida ya ci tuwo. Bai ce na yi daidai ba, har ya bar duniya bai faɗa ba, ni ma ban nema ba. Amma shi yake sayo gishirin bayan nan.

Alhaji ya rasu da damina ta zagayo. Bayan sadakar arba'in gwaggwanninku suka ce a zubar da ruwan nan, ya tare wuri, kuma ba kyau a riƙa ajiye abin da ke tayar da hankalin yarinya. Na ga kamar suna da hujja. Da La'asar na ɗauko ƙwarya na hau kujera, na naɗe hannun riga. Ban ji zuwan Uwani ba. Zoben Alhaji na rataye a wuyanta da zare, shi ya ba ta kafin ya kwanta ciwo. Ta riƙe mini zane, ta kai zoben jikin gilashi, ƙyal, ƙyal, ta kara kunne. Sannan ta ɗago ta dube ni.

"Umma, ba ki yi sallama ba. Akwai mutane a ciki."